Sirrin da Allah Ya Ɓoye a Cikin Ragowar Lissafi

Tsarki ya tabbata ga Allah da Ya ajiye hikima a inda ido ba ya kai wa! Idan yau Juma'a ce, wace rana za ta kama nan da kwana 100? Ba sai an ƙirga da yatsu ba. A raba 100 gida bakwai, saura 2, a tsallaka kwana biyu: Lahadi ke nan. Wannan ragowar da ɗan firamare ke rubutawa a gefe kamar shara, ita Bajamushe Carl Gauss ya tsara wa ilimi sukutum a 1801.

Tun kafin shi, a 1640, Bafaranshe Pierre de Fermat ya hango wani abin mamaki game da lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya. Ɗauki 7. Jera 2 sau shida ka ninka, ka samu 64, raba da 7, saura 1. Gwada 3, ka samu 729, saura 1 dai. Gwada 5, haka za ta fito. Subhanallahi! Fermat bai kafa wannan ƙa'ida ba, tarar da ita ya yi. Kuma shekara fiye da 300 tana kwance, ba ta kawo wa kowa ko sisi ba.

Sai a 1977 wasu masana uku a jami'ar MIT ta Amurka, Rivest da Shamir da Adleman, suka ƙera makulli da ita. Dabarar ita ce, ninka manyan lambobi biyu marasa rabuwa aikin ƙiftawar ido ne ga kwamfuta, amma a ba ta sakamakon a ce ta nemo iyayensa, nan ake yin ta. Da sakamakon kowa ke iya kulle saƙo, buɗewa kuwa sai wanda ya san iyayen. Ashe ma wani Baturen Ingila, Clifford Cocks, ya riga su tun 1973, aikin leƙen asiri ya ɗaure masa baki har 1997.

Bankuna da shafukan intanet da dama da irin wannan makulli suke tsare dukiyar jama'a, lambar kan kai tsawon alƙaluma 617. A 2020 masana suka haɗa ƙarfin kwamfutoci masu ɗimbin yawa suka fasa mai alƙaluma 250, suka sha tafi a duniya. Mai 617 tana nan, ko gezau.