Darasi: Marar-Laifi A Cikin Kurkuku

Karatu: Farawa 39:7-23, 40:9-23, Ayyukan Manzanni 16:19-40.

'Yan'uwa, yau za mu yi tunani a kan mutumin da aka ɗaure ba da hakkinsa ba. In zuciyarsa ta ƙosa ya fita, ya yi zunubi ke nan? Ko kuwa bangaskiya ita ce ya yi shiru, ya ce haka Allah ya nufa? Kafin mu duba amsar Littafi Mai Tsarki, bari mu ji wani labari na ƙasar Faransa.

Tun daga shekara ta 1852 gwamnatin Faransa ta riƙa kai fursunoni ƙasar Giyana, can Amurka ta Kudu, su yi aikin wahala, ba a kuwa kwashe na ƙarshe ba sai 1953. Zazzaɓi ya kashe da yawa. Waɗanda suka gudu kuma, kurmi ya ci waɗansu, teku ta ci waɗansu. A watan Disamba 1894 kotun soja ta kama wani hafsa Bayahude, Alfred Dreyfus, da laifin sayar wa Jamus asirin soja. Ba shi ya yi ba. Takardar da aka kafa hujja da ita, wani hafsa mai suna Esterhazy ne ya rubuta. Aka karya takobin Dreyfus a gaban jama'a, a watan Afrilu 1895 kuma aka ajiye shi a Tsibirin Iblis, kusa da gaɓar Giyana. Aka hana masu gadi su yi magana da shi. A watan Satumba 1896 wata jarida ta ce ya tsere. Ƙarya ce, duk da haka aka riƙa sa masa mari a jikin gado kowane dare har makonni, aka kewaye ɗakinsa da shinge har ba ya ganin teku.

Dreyfus bai nemi hanyar gudu ba, amma bai yi shiru ba. Ya yi ta aika takardu ga manyan ƙasarsa yana roƙo a sake bincike. A 1899 aka komo da shi, aka sake kama shi da laifi, sa'an nan aka yi masa ahuwa. Ahuwa ba ta ishe shi ba, gama mai laifi a ke yi wa. Sai 1906 babbar kotu ta wanke shi sarai.

Yanzu mu duba Yusufu. Matar Fotifar ta yi masa ƙazafi, aka jefa shi kurkuku. Ubangiji yana tare da shi a can, ya kuwa yi aikinsa da aminci. Amma mu lura, ya faɗa wa mai-shayarwa a fili bai yi abin da ya isa ɗauri ba, ya roƙe shi ya ambace shi a gaban Fir'auna domin a fitar da shi. Nassi bai zarge shi ba. Ashe son fita ba rashin bangaskiya ba ne. Allah ba ya murna da zalunci, bai kuwa ce mu kira shi alheri ba.

Bulus da Sila kuma sun koya mana wace irin fita ce ta dace. Sa'ad da ƙasa ta girgiza a Filibi, ƙofofi suka buɗe, ba su gudu ba. Da sun gudu, da yari ya kashe kansa. Kashegari mahukunta suka aiko a sake su a ɓoye, Bulus ya ƙi, ya ce sai su zo da kansu, tun da ya ke sun bulale Romawa ba tare da shari'a ba. Mai bi yana neman fita, amma ta hanyar gaskiya, ba ta hanyar da za ta hallaka wani ba.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi shafarmu. Yawancinmu ba a ciki mu ke ba, a waje mu ke. Mai-shayarwa ya manta da Yusufu shekara 2 cur. Amma a 1896 wani hafsa, Picquart, ya gano ainihin mai laifin Faransa. Manyansa suka so ya rufe baki, ya ƙi. Aka tura shi Tunisiya, daga baya ma aka ɗaure shi. Dole kuma mu faɗa da kunya, da yawa cikin waɗanda suka yi wa Dreyfus ihu domin shi Bayahude ne suna amsa sunan Kirista. Sau da dama mabuɗin da Allah ya ke buɗe kurkuku da shi, bakin mutum ɗaya ne wanda ya san gaskiya ya faɗa.

Tambayoyi

1. Me ya sa Bulus ya ƙi fita a ɓoye?
2. Mene ne bambancin yin haƙuri da yarda da ƙarya?
3. Akwai wanda mu ka san an zalunta, mu ka yi shiru? Me za mu yi a wannan mako?

Addu'a

Ya Ubangiji, ka tuna da ɗaurarru marasa laifi. Ka ba su haƙuri, ka fito da gaskiyarsu, mu kuma ka tsare mu daga mantuwar mai-shayarwa. A cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.