Haƙurin Ɗan Caca Ba Haƙuri Ba Ne

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata magana da ta fara yawo a bakin samarinmu na Dutse da Kiyawa da Jahun, wai caca sana'a ce mai bukatar halin manya, watau haƙuri da natsuwa da sanin lokacin tashi daga tebur. Daga masu tallan gidajen caca suka ji ta, domin ko da yake Jihar Jigawa ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 2000, wayar hannu ta kai teburin har ɗakin saurayi.

Wannan yabo kuwa tsoho ne. Larabawa suna kiran caca maisir, kuma malaman lugga da dama sun ce asalin kalmar sauƙi ne, don dukiya ce da ake ci ba gumi. A zamanin jahiliyya sukan yanka raƙumi, su zuba kibau 10 cikin jaka, 7 masu rabo, 3 babu komai a kansu. Waɗanda suka faɗi su ne za su biya kuɗin raƙumin. Masu ci sukan raba naman ga matalauta, har aka riƙa lissafa ɗan caca cikin masu karamci, wanda ya ƙi shiga a ce masa marowaci. Duk da haka aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta bayyana cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta, sa'an nan ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida suka haramta ta tare da giya. To, in karamcin Larabawa bai halatta ta ba, ina ga natsuwar mai neman aljihun ɗan'uwansa?

Ga mai son lissafi kuma, ga shi. Faifan nan mai juyawa na gidajen cacar Turai yana da ramuka 37. Wanda lambarsa ta fito, ninki 35 ake ba shi bayan abin da ya zuba. Ka zuba naira 100 a kowane rami, ka kashe 3,700 ke nan, abin da zai dawo hannunka 3,600 ne. Ragowar 100 ta mai gida ce. Ƙwallon bai san mai natsuwa ba, bai san mai gaggawa ba. Haƙurin da ake yabo kuwa, ba abin da yake yi sai tsawaita zama, har kuɗin riɗin da aka sayar a kasuwar Shuwarin ya ƙare sarai, iyali suna jira a gida.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya gayyaci abokinsa caca, ko da ba a yi ba, sadaka aka umurce shi ya bayar. Wanda ya riga ya ci kuwa, malamai sun ce bayan tuba ya mayar wa mai shi kuɗinsa in ya san shi, in bai san shi ba ya fitar da su ga mabukata, kada ko kwabo ya shiga tukunyar gidansa.