Fasali a kan Tattalin Dukiya Domin Babbar Salla

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya ku muridai, ku sani layya sunna ce a kan mai iko, watau wanda ba ya bukatar kuɗinta domin larurar shekararsa. Haka yake a mazhabar Imamu Malik. To, kada ɗayanku ya sayar da hatsin rumbunsa, ya bar iyali da yunwa, don a ce ragonsa ya fi na maƙwabci. Wannan riya ce, tana ɓata aiki. Wanda bai sami rago ba, tunkiya ta isar, ko akuya. Ku fara tanadi kaɗan-kaɗan tun Shawwal. Ku gabatar da ciyar da iyali da biyan bashi, su ne wajibi. Allah Ya azurta mu da ƙana'a. Amin. Tammat.