Wuƙar Mai Gona da Ɗanɗanon Inabi

Karatun yau: Yohanna 15:1-8

 Da yawa cikinmu ba mu taɓa ganin gonar inabi ba, shi ya sa in mun karanta misalin da Yesu ya yi da kurangar inabi, wani abu yakan wuce mu. Bari mu ga yadda manoman inabi na ƙasar Faransa suke aiki, sa'an nan mu komo ga Maganar Allah.

A gabashin Faransa akwai lardin Burgonya, inda Kiristoci 'yan zuhudu suka yi ɗaruruwan shekaru suna noman inabi. A can akwai wata 'yar gona da ake kira Romanée-Conti, faɗinta bai kai hekta 2 ba. A shekara ta 2018, a Amurka, an sayar da kwalba ɗaya ta jan ruwan inabin wannan gona, na girbin 1945, a kan dala dubu 558. Ba mu kawo wannan domin mu sa wa kowa kwaɗayin sha ba. Karin Magana sura 23 da Afisawa sura 5 sun yi mana kashedi mai ƙarfi a kan buguwa, kashedin kuwa yana nan daram. Abin da muke so mu sani shi ne, daga ina irin wannan daraja take fitowa?

Masanan ɗanɗano sun ce kyakkyawan jan ruwan inabi yana da ƙanshi mai zurfi, tsaminsa daidai ne, ɗanɗanonsa kuma yakan daɗe a baki. Yana da bauri kamar na goro, amma bauri mai laushi. Wannan hali nasa tun daga gona yake farawa.

Da fari, ka dubi ƙasar. Shahararrun gonakin Burgonya suna kan gangaren tudu ne, ƙasarsu ba kauri, duwatsu a ƙarƙashi. Na Medok, kusa da birnin Bordo, a kan tsakuwa suke. In aka dasa kuranga a ƙasa mai taki da ruwa da yawa, sai ta yi ganye luf-luf, 'ya'yanta su yi salam. A ƙasa mai wuya kuwa, dole ta tura saiwa can ƙasa neman ruwa. 'Ya'yanta sukan fito ƙanana, amma launi da bauri a ɓawonsu suke, don haka ɗanɗanonsu yakan cika.

Sai kuma wuƙa. Kowace shekara, a lokacin sanyi, manomi yakan yanke mafi yawan rassan da suka tsiro bara, ya bar ɗaya ko biyu. Baƙo in ya ga gonar a wannan lokaci sai ya ce an kashe ta. Wasu manoma ma sukan sake komowa kafin inabi ya nuna, su tsinke wasu nonnan ɗanyu su zubar, domin ƙarfin itacen ya taru a kan sauran.

Daga nan sai jira. Sabuwar kuranga takan yi kamar shekara 3 kafin a girbe ta. Bayan an matse inabin, a kan ajiye ruwan cikin gangunan katako shekara guda ko fiye, kafin baurinsa mai kaifi ya fara laushi. Ita kanta gonar Romanée-Conti, bayan girbin 1945 an tumɓuke tsofaffin itatuwanta, aka dasa sababbi, ba ta sake ba da ruwan inabi da sunanta ba sai 1952.

Yanzu fa mu koma ga karatunmu. Yesu ya kwatanta kansa da kuranga, Ubansa da mai gona, mu kuma da rassa. Ka lura da aya ta 2 da kyau. Reshen da ba ya ba da 'ya'ya, ana cire shi. Reshen da yake ba da 'ya'ya kuwa, shi ma wuƙa takan taɓa shi, domin ya ƙara bayarwa. Nan ne yawancinmu muke tuntuɓe. Da zarar wahala ta zo, sai mu ce Allah ya juya mana baya, ko mu fara neman wanda ya yi mana asiri.

Wataƙila kai ma kana cikin irin wannan hali yau. Ka riƙe gaskiya a kasuwa, ciniki ya ja baya. Ko kuwa 'yan'uwa sun ƙi ka saboda bangaskiyarka. Ko ke 'yar'uwa, kin yi shekaru kina addu'a a kan abu ɗaya, shiru kike ji. Ba kowace wahala ce daga hannun Allah ba, wata mu ne muke jawo ta da zunubinmu, maganinta kuwa tuba ne. Amma in kana zaune cikin Kristi, kada zafin yanka ya sa ka ce an yashe ka. Manomi ba ya ɓata lokacinsa yana gyaran itacen da ya fid da rai a kansa.

A Ishaya sura 5, mai gona ya yi wa gonarsa dukan abin da ya kamata, amma da ya zo ɗanɗana sai ya sami inabi mai tsami. Yawan ganye bai gamshe shi ba. Haka Allah yake ɗanɗana rayuwarmu. Yawan zuwa sujada da kyan murya a ƙungiyar mawaƙa ganye ne mai kyau, amma 'ya'yan su ne haƙuri da maƙwabci, da gaskiya a wurin awo, da gafarta wa wanda ya cuce ka. Mutanen gidanka, wane ɗanɗano suke ji a halinka?

Aikin reshe ɗaya ne, ya kasance manne da kuranga. Ka riƙe Maganar Allah da addu'a, kada ka bar zumuntar masu bi. Yanka da lokacin girbi kuwa, ka bar su a hannun Mai gona.

Addu'a: Ya Uba, ka cire mini duk abin da yake shan ƙarfina a banza. Sa'ad da wuƙarka ta yi mini zafi, ka riƙe ni cikin Ɗanka, har in ba da 'ya'yan da za su gamshe ka. Cikin sunan Yesu, Amin.