Fuskar Abokin Gaba

Ko ya halatta a zana abokin gaba kamar ba ɗan Adam ba? Littattafan zane na labaran yaƙi a Amurka sun ba da amsa iri biyu.

A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, da yawansu sukan zana sojan Japan da haƙora zaƙo-zaƙo kamar dodo. Yaro ya karanta, a kashe dodon, shi kuwa ko a jikinsa.

Amma a 1952, ana tsakiyar yaƙin Koriya, Harvey Kurtzman ya zana labarin wani sojan Amurka a bakin kogin Imjin. Sojan ya yi kokawa da abokin gaba, ya danne shi cikin ruwa har ya mutu. Ya yi nasara, amma babu murna, sai gawa tana bin ruwa.

Kurtzman ne ya faɗi gaskiya. Ikilisiya ta yarda ƙasa ta kare kanta, amma ba ta yarda a tuɓe wa kowa mutuncinsa ba, gama cikin siffar Allah aka halicce shi. Wanda ya saba ganin dodo a takarda, wata rana zai gan shi a fuskar maƙwabcinsa.