Zaɓen Lokacin Fita Yawon Sallah Da Guje Wa Cunkoso

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya dare da rana suna maye wa juna, Ya kuma ba kowane abu lokacinsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, maganar wannan mako ta shafi wata al'ada wadda kowa ya sani a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi. Da zarar an sauko daga Idi an ci tuwon Sallah, sai yara su matsa wa iyaye lamba a kai su kallo. Waɗansu su nufi ƙofar fadar Yandaka a Dutsin-Ma, ko ta Maraɗi a Kurfi, domin ganin dawaki da makaɗa. Waɗansu su shiga mota su bi hanyar da ta ratsa Kurfi zuwa birnin Katsina kallon hawan Sarki. Samari su tasam ma bakin ruwa, har akan sami masu kaiwa madatsar Zobe, wadda aka gama ginawa a kan kogin Karaduwa cikin 1983. Masu hali kuwa har Kano su ke kai iyalinsu, gidan namun daji na Audu Bako, ko wuraren lilo da sauran wasannin yara na zamani. Abin lura shi ne, duk jama'ar nan rana ɗaya su ke fita, kusan kuma sa'a ɗaya, watau tsakanin la'asar da magariba, ran Sallah da kashegari.

To, idan wani magidanci ya ce wa iyalinsa su dakata sai rana ta uku, ko kuwa a tafi da hantsi a komo kafin taro ya yi kauri, sau da yawa akan ce rowa ce, ko tsoro, ko raunin tawakkali. Amsar da malamai ke bayarwa ita ce, wannan mutum shi ne ya fi kusa da koyarwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Shaƙatawa Ba Laifi Ba Ce

Da farko ya kamata a sani Musulunci bai hana wasa da nishaɗi ran Sallah ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa mutanen Habasha sun yi wasan māsu a masallacin Madina, Manzon Allah ya tsaya ya kāre Nana A'isha da jikinsa tana kallo daga bayansa har ta ƙoshi don kanta. Mai hankali zai ga abu biyu a cikin wannan labari. Na ɗaya, mai gida da kansa ya ba iyalinsa damar kallo. Na biyu, shi ya zaɓa mata wurin tsayawa, ya kuwa zauna tare da ita har aka tashi. Saboda haka wanda ya hana 'ya'yansa fita gaba ɗaya ya ƙuntata abin da Allah Ya yalwata, wanda kuma ya sake su cikin taro ba mai lura da su ya tozarta amana, domin hadisi ya nuna kowane mutum makiyayi ne, za a kuwa tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Yadda Annabi Ya Yi Da Cunkoso

Babu taron da ya kai na aikin Hajji daraja, amma a can ne aka fi samun hujjar zaɓen lokaci. A daren Muzdalifa, Uwar Muminai Saudatu 'yar Zam'atu, wadda ta kasance mace mai nauyin jiki, ta nemi izinin ta wuce Mina kafin turereniyar mutane, Annabi kuwa ya yi mata izini. Abdullahi ɗan Abbas ya ba da labari cewa yana cikin raunanan gidan Annabi waɗanda aka gabatar da su a wannan dare. Ranar da aka taso daga Arfa kuma, da Manzon Allah ya ji ana tsawa ana dūkan raƙuma a bayansa, sai ya yi nuni da bulalarsa ya umurci mutane da natsuwa, ya sanar da su cewa aikin lada ba a gaggawa ya ke ba.

Imamu Ahmad ya ruwaito cewa Annabi ya gargaɗi Sayyidina Umar, saboda shi mutum ne ƙaƙƙarfa, kada ya yi turereniya a wurin Hajarul Aswadi ya cuci mai rauni. In ya sami sarari ya taɓa, in bai samu ba ya fuskance shi ya yi kabbara ya wuce. Haka kuma Buhari ya kawo daga Jabir cewa ran Idi Annabi yakan tafi ta wata hanya ya komo ta wata, malamai kuwa sun lissafa rage cunkoso a cikin hikimomin yin haka.

Sai mai karatu ya auna. Taɓa Hajarul Aswadi sunna ce mai lada, amma aka ce a bar ta idan za ta jawo cutar da wani. To ina ga hawa lilo, ko shiga kwalekwale, ko leƙa kejin zaki? Abin da ya ke halal ne kawai ya fi cancanta a jinkirta shi zuwa lokacin da babu cuta.

Darasin Da Aka Saya Da Rayuka

Cikin 1990 mahajjata 1,426 suka rasu a wata hanyar ƙarƙashin dutse a Mina. A watan Janairu na 2006 fiye da 340 suka rasu wajen jifa, da ya ke jama'a sun taru bayan zawali a rana ta ƙarshe, kowa na son ya yi jifa ya fita. Ran 24 ga Satumba 2015 aka sake yin turmutsitsi a Mina. Hukumar Saudiyya ta ce mutum 769 suka rasu, lissafin da aka tattara daga ƙasashe kuwa ya haura 2,000, cikinsu har da 'yan Nijeriya fiye da 200, kamar su Hajiya Bilkisu Yusuf, shahararriyar 'yar jarida, da Farfesa Tijjani El-Miskin. Allah Ya jiƙansu. Irin waɗannan masifu ne suka sa aka sāke gina wurin jifa hawa-hawa, aka kuma riƙa tsara wa kowace tawaga sa'o'in da za ta fita.

A gida ma an ɗanɗana. Ran 30 ga Nuwamba 2021 wani kwalekwale ya kife a madatsar Watari ta Ɓagwai a Jihar Kano, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. A bikin ƙaramar Sallah ta 2022 wani ya kife da yara a ƙauyen Tsabu ta Mai'aduwa, a nan Jihar Katsina, aka rasa aƙalla 15. Ran 18 ga Disamba 2024 kuma yara 35 suka rasu a Ibadan, a wani taron wasa inda aka yi shelar za a raba musu kuɗi da abinci. Duk waɗannan yara cikin murna suka fita daga gidajensu.

Masana harkar taro sun bayyana cewa yawancin masu mutuwa a cunkoso matsewar ƙirji ce ke kashe su, har numfashi ya gagara, sau da yawa ma suna tsaye. Idan mutum 6 ko 7 suka matsu a cikin murabba'in mita ɗaya, ba wanda ke da ikon ƙafarsa, taro ke tafiya da shi kamar igiyar ruwa. Na baya yana turi domin bai san halin da na gaba ke ciki ba. Yaro kuwa, da ya ke fuskarsa daidai ƙugun manya ta ke, shi ke fara rasa iska, ba kuma mai ganinsa.

Tawakkali Da Riƙon Sababi

Akwai masu cewa wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gadonsa sai ya tafi. Gaskiya ne ajali ba ya gaba ba ya baya, amma Allah ɗin da Ya ƙaddara ajali Shi ne Ya hana mutum jefa kansa cikin halaka, kamar yadda ya zo a aya ta 195 ta Suratul Baƙara. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya isa wani wuri da a ke kira Sarga ya ji labarin annoba ta ɓarke a can, sai ya juya da mutanensa. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara ya ke yi, sai ya nuna masa cewa komawar ita ma cikin ƙaddarar Allah ta ke. Tirmizi kuma ya kawo labarin mutumin da Annabi ya umurta ya ɗaure taguwarsa sa'an nan ya yi tawakkali. Rigakafi dai ya fi magani.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Mai gida ya duba rana. Ran Sallah ta zumunci ce da gaishe da iyaye, kallo na iya jira sai rana ta uku ko ta huɗu, sa'ad da baƙi suka fara komawa, kuɗin mota ma ya sauko. Ya kuma duba sa'a, domin fitar hantsi ta fi ta yamma: ba a riga an cika ba, kuma sallar la'asar da ta magariba ba za su salwanta a cikin layin sayen tikiti ba. Hadisi ya yi umurnin a tsare yara a gida idan duhun dare ya kawo kai, mutanen wannan yanki kuwa, waɗanda suka sha wuyar 'yan bindiga a kan hanyoyinsu, sun fi kowa sanin amfanin isa gida da sauran rana.

Ya duba yanayi, gama Sallah takan matso da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Wadda ta faɗo a bazara, zafi da ƙishirwa ke galabaitar da yara, wadda ta faɗo da damina kuwa ruwa ya cika, gāɓa tana santsi. In ya isa wuri ya ga ƙofa ɗaya ce a ke shiga a ke fita, mutane kuma sun dunƙule a bakinta, to ya juya da iyalinsa, kukan yaro na sa'a ɗaya ya fi kukan uwa na shekaru. Kwalekwalen da aka cika shi fiye da kima ba abin shiga ba ne, ko da kyauta ne, haka motar da aka yi wa lodin mutane kamar buhuna. Kada kuma a ɗora wa yarinya 'yar shekara 10 kula da ƙannenta uku a cikin taro, a ƙarshe a koma yin cigiya.

Masu wuraren wasa da masu jiragen ruwa su ji tsoron Allah, su tsaya a kan adadin da wurinsu zai ɗauka, domin hadisin da Imamu Malik ya kawo ya hana cuta da cutarwa, kuɗin da aka tara ta hanyar jefa 'ya'yan mutane cikin hatsari kuwa ba albarka a cikinsa. Attajirai masu rabon zakka da barka da Sallah su rarraba ranaku, ko su aika wa mabukata har gida, maimakon tara su a ƙofa ɗaya. Dutsin-Ma ta ƙaru da jama'a tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a cikinta a 2011, saboda haka ya dace hakimai da masu unguwanni da jami'an tsaro su riƙa tsara mashiga da mafita tun kafin ranar hawa, limamai kuma su tunatar da mutane a huɗubar Juma'ar da ta gabaci Sallah.

Allah Ya tsare Musulmi da zuriyarsu daga mummunar ƙaddara, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya zaunar da ƙasar Katsina da Nijeriya lafiya, Ya maimaita Sallah cikin kwanciyar hankali. Amin.