ZARE DA KWARASHI A HIDIMAR UBANGIJI



Hunturu ya ƙarato. Mu da ke zaune a kan tudun Filato mun san yadda sanyin Disamba da Janairu yake shiga ƙashi. Da dare mukan kulle ƙofa mu ja bargo. Amma a tashoshin mota da rumfunan kasuwa akwai masu kwana a kan kwali: tsofaffi, masu taɓin hankali, almajirai, da iyalan da rikici ya raba da gidajensu.

A cikin Ayyukan Manzanni, sura 9, mun karanta labarin Dokas ta birnin Yafa. Da ta rasu, aka kira Bitrus. Matan da mazansu suka mutu suka kewaye shi suna kuka, suna nuna masa tufafin da ta ɗinka tun tana da rai. Littafi Mai Tsarki bai adana mana ko kalma ɗaya daga bakin Dokas ba. Aikin hannunta ne ya yi mata shaida, Allah kuwa ya tashe ta ta hannun manzonsa.

Saboda haka muna roƙon iyayenmu na Zumuntar Mata, da 'yan mata, da duk mai iya riƙe kwarashi, mu fara saƙa tun yanzu: hular sanyi, safa, da ƙananan barguna na jarirai. Wanda bai iya saƙa ba ya sayi zaren ulu ya kawo. Wadda ta iya ta koya wa ta kusa da ita.

Amma mu kiyaye abu biyu. Na fari, kada mu yi aikin ganin dama don mai karɓa matalauci ne. A Matiyu 25 Ubangiji ya koya mana cewa shi muke tufatarwa. Wa zai miƙa wa Almasihu hular da ta fara warwarewa? Na biyu, kada mu tambayi addinin mutum ko ƙabilarsa kafin mu ba shi. Waliyyi Martin, wanda muke tunawa da shi ranar 11 ga Nuwamba, soja ne lokacin da ya tarar da maroƙi yana rawar ɗari a ƙofar birnin Amiens, a Faransa ta yau. Bai yi masa tambaya ba. Ya zare takobi ya raba alkyabbarsa biyu.

A shekarar 2017 marigayi Paparoma Francis ya buɗe Ranar Matalauta ta Duniya, wadda ake yi cikin Nuwamba. Mu kawo saƙarmu ta fari gaban bagade a ranar, a sa mata albarka. Bayan haka mu kai da ƙafarmu, mu gaisa da mai karɓa, mu tambayi sunansa, domin mu riƙa ambatonsa cikin addu'a.

Allah ya albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.